Kwanakin Kibiya

Ƙarar ta fara ne wani dare bayan layinmu ya yi tsit. Bango ɗaya ya raba ɗakina da gidan Mai Walda, kuma mun daɗe a haka har na haddace tarinsa da kukan ƙyauren bayinsa. Wannan ƙarar kuwa ban san ta ba. Sawun mutum ne yana gudu, tim, tim, tim, ba ya ƙara sauri ba ya lafawa, ƙarƙashinsa ga wani gurnani kamar na injin da aka lulluɓe da bargo. Ba ƙarfinta ne ya hana ni barci ba. Duk mai gudun da na taɓa ji a duniya, ko dai yana tahowa ko yana tafiya. Wannan yana nan wuri guda yana ta zuba gudu, bai iso ba kuma bai ɓace ba.

Da safe na leƙa shagon Mai Walda a bakin layi. Na same shi durƙushe kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi, baƙin gilashin nan a fuskarsa. Na jira har ya ɗaga shi.

"Jiya wa kuka biyo a gidanka?"

"Wa fa?"

"Mai gudu."

Ya hure ƙurar da ke kan ƙarfen. "Firij ne, Yaya. Ya tsufa."

"Firij mai ƙafa biyu?"

"Kai ma ka tsufa, ai ba laifi ba ne. Kunne yakan yi wa mutum ƙari." Ya mayar da gilashinsa.

Mutum ɗaya ne a gidan nan da gudu ya zama sana'arsa, wato babbar ƴarsa, wadda duk layi ke kira Kibiya. Tun tana ƙarama idan aka aike ta sayen ashana, kafin uwar ta tuna da gishiri ta ƙwala mata kira, ta dawo. Ta girma ta zama ƴar tseren dogon zango, irin wanda ake rufe titunan birni sukutum saboda shi. Mukan gan ta a talabijin ɗin mai aski, siririya, da lamba a ƙirji, tana wuce mutane kamar sun tsaya gaisawa. Amma ai Kibiya ta tafi. Watan da ya wuce da idona na ga uban ya ɗaure babban akwatinta a bayan babur, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yarinya ta yi gaba tun asuba, kayanta zai kai mata tasha.

Matarsa kuwa tana kwance. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya same ta, hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, baki ya karkace. Da ƙarar nan ta ƙi dainawa, na ce bari in shiga in duba mara lafiya. Na yi sallama na tura ƙofa ban jira amsa ba, yadda na saba. A tsakar gida na ga uwar a tsaye tana jan ƙafa, Kibiya a gabanta tana tafiya da baya, hannuwansu riƙe da juna.

"Ɗaga, Inna, kar ki ja. Yawwa. Ɗaya kuma."

Na ji an danna sakata a bayana. Mai Walda ne, yana haki, ashe ya hango shigata ya baro shago a buɗe.

"Ba ka ga komai ba," ya ce.

"Na ga firij."

Kibiya ta yi dariya har ta kusa sakin uwar. Ta zaunar da ita a kujera, ta zo ta rusuna. "Kawu, ina wuni. Na hana ka barci ko?"

Tun da asiri ya tonu, uban ya ja ni ɗakin baya, don dama abin na cin sa a rai bai sami wanda zai nuna wa ba. Inji ne ya ƙera mata da hannunsa. Ya samo tsohon bel ɗin roba daga wani gidan burodi da ya rufe, ya ɗora shi kan bututai biyu, ya haɗa da motar famfon ruwa. Idan aka kunna, ƙasa ce ke gudu a ƙarƙashin mutum, shi kuwa sai ya bi ta ko ya faɗi. Tagar ɗakin ya toshe ta da falle ɗaya na kwano, ya yi masa walda ta ciki. Na daɗe ina kallon abin. Ban taɓa ganin titin da aka naɗe aka ajiye a ɗaki ba.

"Duk wannan na mene ne?"

"Kwanakinta ake ƙirgawa," ya ce da ƙaramar murya.

Da muka fito, ita ce ta fayyace mini, tana tausa wa uwar yatsun hannu.

"Kawu, duk ƙasar da na je na yi tsere, kafin kuɗi ya taɓa hannuna sun cire nasu. Sun ce a titinsu na yi gudun. Har kuɗin da kamfanin takalma ke ba ni, wasu sai sun duba kwana nawa na yi a wajensu sun yanki rabonsu."

"Ko ba ki ci ba?"

"Ko ni ce ta ƙarshe, in dai an biya ni kuɗin zuwa."

"To waɗannan sun ci sun wanke hannu. Mu ina ruwanmu?"

"Saura ƙasar da mutum ke zaune. Ita tana da hakki a kan duk abin da ka samo, ko a ina ka samo shi. Shi ya sa akantana ya rubuta zamana a can inda muke atisaye, harajinsu da sauƙi. Nan gida kuma, muddin ban kai rabin shekara ba, ba su da magana da ni. In na haura ko da kwana ɗaya, shekarar gaba ɗaya ta shigo hannunsu. Bana na yi jinyar idon sawu a nan, sai ga ciwon Inna. Kwanakin sun kusa ƙarewa."

Na san harajin shago, na san na mota, na taɓa jin wata ƙasa da aka yi harajin tagogi. Amma a ce kwanan mutum a kan katifar gidan ubansa yana da farashi, wannan sabo ne a wurina, kuma ban ɓoye ba, ya burge ni.

"Me za su ɗauka?"

"Kuɗin rufin gidan da ta fara ginawa," in ji uban, "da wani babban yanki na abin da ta ajiye. Kuma ƙafa ba ƙarfe ba ce, Yaya, ba a yi mata walda. Shekara nawa suka rage mata tana wannan gudun? Uwar kuma ta ƙi kowa. Mai gashin ƙashin asibiti ya zo, ta juya masa baya. Ni in na riƙe ta sai ta ce kamar ana jan ta da filaya. Sai wannan kaɗai." Ya matso kusa da ni. "Shi ne na zauna na yi tunani. Kwanan da ba wanda ya gan ta, wa zai ƙirga shi? Ai sai da shaida. Ba shaida, ba kwana."

Na ga hankali a maganar, na kuma yi masa alkawarin bakina.

Washegari da hantsi ina shanya a bayan gida, sai na ji muryarta ta kan katanga. Ta taka bokiti ta leƙo.

"Kawu, Baba yana shago?"

"Yana can."

"Ɓuyan nan ba ya aiki."

Na ajiye rigar da ke hannuna.

"Hatimin da aka buga mini a fasfo ranar da na sauka, shi ke ƙirga. Ko a rijiya na kwana, kwanan ya shiga. Akantana ya saya mini tikitin ƙarshen makon nan. Kullum sai ya kira. Ya ce in na wuce ranar, shi ba abin da zai iya yi mini."

"To me ya hana ki gaya wa ubanki?"

"Tun da Inna ta kwanta ba shi da abin gyarawa. Ka san shi, in abu ya lalace bai sa masa hannu ba, ba ya cin abinci. Injin nan da tagar nan su suka tsayar da shi. Kuma ranar da ya san gaskiya, da kansa zai ɗauke ni ya saka a jirgi."

"Ke me kike so?"

Ta shiga ɓantarar siminti a kan katangar. "Jiya ta kai bakin ƙofar kicin. In na tafi, komawa za ta yi ta kwanta, na sani. Kuma in na tafi ba zan iya dawowa ba sai wata shekarar." Aka kira ta daga ciki da muryar nan mai nauyi, ta sauka daga bokitin.

Ranar jirgin ta zo. Na wuni ina kasa kunne ko zan ji tsayuwar mota a ƙofarsu. Da yamma na ji wayarta ta yi ta kuka har ta gaji. Abin da kawai ya biyo baya shi ne muryarta a tsakar gida, ɗaga, Inna, kar ki ja.

Da gari ya waye, lokacin da yara ke tafiya makaranta masu shaguna na sharar gabansu, jar ƙofar gidan Mai Walda ta buɗe. Kibiya ta fito cikin kayan gudu, da ƴar jaka goye a baya. Ta tsaya a tsakiyar layi ta miƙe ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta gaida mai aski. Ta gaida Gwaggo Mai Shago, wadda tsintsiya ta suɓuce mata. Sannan ta zuba a guje, ta wuce ta gaban shagon ubanta tana ɗaga masa hannu.

Ya fito da gilashin a goshi. Ya dube ta, ya dube ni, don na biyo bayanta har bakin layi.

"Hau," ya ce, yana buga babur.

Babur ɗin Mai Walda ya girmi ƴarsa. Ga cunkoson safe. Muna hango ta tana ratsa tsakanin motoci, kanta ba ya ko rawa, kamar an ɗora mata kofin ruwa ta rantse ba za ta zubar ba. Direbobi na leƙowa, wani kwandasta ya gane ta ya shiga buga jikin mota yana kiran sunanta. Uban yana ta zagin babur, amma a wata mahaɗa da danja ta tsayar da mu na ji ya ce wa na kusa da shi, "Ƴata ce waccan," sai kuma ya tuna, ya ja bakinsa.

A ofishin haraji muka cim mata. Dogon ɗaki ne mai benci-benci, fanka na juyawa da ƙyar, mutane riƙe da ƴan lambobi. Har an kira ta. Tana zaune gaban wani jami'i mai furfura a gemu, tabaransa rataye da zare, ko gumin kirki ba ta yi ba. Uban ya kutsa ya dafa tebur.

"Ranka ya daɗe, wannan yarinyar da kake gani ba ta nan. Ta tafi tun watan jiya. Ni na kai akwatinta tasha, ga shaida." Ya nuna ni. Na dubi fanka.

Jami'in ya sa tabarau. Ya buɗe fasfon da ke gabansa, ya juyo shi a hankali ya ɗora yatsa kan wani shuɗin hatimi.

"Baba, zauna. Mu ba ma leƙen tagar mutane. Wannan ne ke faɗa mana ranar da ta shigo, kuma babu na fita. Daga daren jiya ta zama tamu."

Mai Walda ya zauna. Ya daɗe yana kallon bayan hannuwansa, inda tartsatsi ya bar ɗigo-ɗigon tabo.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiran ta idan magana ta yi nauyi, "ke kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kika bar ni ina toshe taga?"

"Da na faɗa maka, da ka saka ni a jirgi."

"Ƙwarai kuwa."

"To ka gani."

 Ta zuge jakarta ta fito da takardu, shaidar abin da kowace ƙasa ta cire. Na matsa kusa, don ban taɓa ganin rubutu iri-iri haka a tebur ɗaya ba. Wani kamar ƙananan gidaje da tagoginsu, wani kamar an shanya kaya a igiya, wani da ɗigo biyu a kan harafi kamar yana kallonka. Jami'in yana ware su gida biyu.

"Waɗannan muna da yarjejeniya da su, abin da suka cire za mu rage miki. Waɗannan biyun babu. Nan sai haƙuri, za ki biya sau biyu."

"Gudu ɗaya?" in ji uban.

"Gudu ɗaya, Baba."

"Karanto mini su duka."

Jami'in ya dube shi ta saman tabarau, sannan ya shiga karanta sunayen ƙasashen ɗaya bayan ɗaya. Wasu mun sha ji a rediyo, wasu na ɗauka sunan magani ne. Har matar da ke tebur na gaba ta daina buga hatimi. Da aka kai ta ƙarshe Mai Walda ya gyara zama.

"Duk waɗannan gwamnatocin sun ci daga ƙafarta?"

"Haka dokarsu ta ce."

Ya miƙe ya juya ga mutanen da ke benci. Na ɗauka faɗa zai yi.

"Ku dube ni. Ni mai walda ne, ban taɓa shiga jirgi ba, ko bakin filin ba na zuwa sai rakiya. Amma yanzu haka akwai fitilar titi a can ƙarshen duniya da ke ci da gumin gidana. Akwai ɗan sandan da ban san yarensa ba, an biya shi albashi da ƙafar da ni na saya wa takalmin farko."

Wani tsoho a benci ya ce, "Allah ya yi mata albarka." Aka amsa da amin.

Jami'in ya yi murmushi ya ce da Kibiya, da kowa na da kishin ƙasa irin nata da aikinsu ya yi sauƙi.

"Ba don ku na tsaya ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Uwata ce ke koyon tafiya."

Ya yi dariya ya ce ko ma don wa, sun gode. Ya danna ƴar na'urar lissafi, ya rubuta wani abu a gefen takarda ya tura mata, ya ce kiyasi ne kawai. Uban ya riga ta ɗauka.  Ya sake zama, ya sassauta murya irin yadda yake yi wa dillalin rodi.

"Ranka ya daɗe, ba ragi? Mun zo da ƙafarmu fa. Ita ma a guje ta zo."

"Baba, ba ni na sa farashin ba."

"Ƙofar nan taku ta baya, na ga hinjinta ya saki."

"Baba," in ji Kibiya.

Ya ɗaga hannu ya haƙura. Jami'in ya jawo fom ya tambayi inda take zaune. Kafin ta buɗe baki uban ya amsa, da ƙarfin da na bayan ɗaki ma suka ji.

"Rubuta gidan Mai Walda. Mai jar ƙofa, bayan shagon aski. Ɗaki na biyu in ka shiga."

A hanyar dawowa ita ta hau bayan babur, ni na bi motar haya. Ta ce mini daga baya tun daga ofishin bai yi mata magana ba, sai da suka shigo layi ya ce rufin gida dai ba sai an kira kamfani ba, shi zai haɗa ƙarafan da hannunsa, kwano kuwa a riƙa saya kaɗan-kaɗan. Ya ƙara da cewa har yanzu yana fushi, kar ta ɗauka ya huce.

Da yamma layi ya taru a ƙofarsu. Mai aski ya fito da bencinsa. Mai Walda yana ta ba da labarin ƙasashen, kowane zagaye suna ƙaruwa, idan ya tuna adadin da ke takardar aljihunsa sai ya yi tsaki ya ci gaba. Ana cikin haka aka ji jan ƙafa daga ciki. Kibiya ta fito da baya, uwar na biye da ita, gyale ya zame mata gefe, gumi a goshi. Wannan ne karo na farko da ta ga titi tun da ta kwanta. A bakin dokin ƙofa ta tsaya, ta daɗe tana duban sa, sannan ta ɗaga ƙafar daman ta tsallake. Ba wanda ya yi tafi. Aka dai matsa mata wuri a benci, ta zauna tana mayar da numfashi, ba ta saki hannun ƴar ba.

Gwaggo Mai Shago ta kawo mata ruwa. Tun ɗazu take sauraron bayanin rabin shekara tana gyaɗa kai, da alama tana juya shi a ranta. Ta karɓi kofin ta tsaya da shi a hannu.

"Ni dai ku fahimtar da ni," ta ce. "Duk shekarun nan da take zuwa tana ƙirga kwana, ashe baƙuwa ce a ɗakin uwarta?"